Ranar Da Gwaggo Ta Duba Idon Husaini

Jama'a, sallama a gare ku. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min sau shida a yini guda wai in ban ci gaba ba za ta hau mota ta zo Kontagora da kanta. Ki zo, 'yar uwa, akwai masa. Sai dai ki bari in nemi wuri in zauna tukuna, don abin da ya same ni tsakanin Talata da Asabar ɗin nan ba a faɗinsa a tsaye.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Rauda, shekarata ashirin da shida, a Tudun Wada nake gidan mahaifina Malam Nababa. Aikina ɗibar jini da gwada shi a wani ɗan ɗakin gwaji da ke bayan kasuwa. Duk mai shirin aure a unguwarmu sai ya miƙo min hannu. Na ga ƙaton ango ya sume don ganin allura, na ga amarya ta karɓi takardarta ta shiga banɗaki ta yi rabin awa tana kuka. Ban taɓa kawowa a raina cewa takardar da za ta tayar min da hankali daga kan teburinmu za ta fito ba.

Wanda nake so kuwa Yaya Husaini ne, ɗan Hajiya Ruka ta Sabon Gari. Da sikila aka haife shi. Muna yara shi ne wanda ba a bari ya yi ƙwallo, ba a bari ruwan sama ya taɓa shi, kullum da rigar sanyi ko ana zafi, idanunsa ruwan ɗorawa. Allah ya ba shi kai, ya samu tallafin karatu ya tafi Ingila. A can ne likitoci suka saka shi cikin waɗanda aka yi wa sabon aikin nan na gyaran ƙwayoyin halitta. Bara ya dawo, wallahi a bakin ƙofar wurin aikinmu na wuce shi ban gane shi ba. Mutum ya yi wuya, ya yi kumatu, ga kafaɗa. Sai da ya ce, "Likita, ba gaisuwa?" sannan na juyo. Tun daga ranar nake Likita a bakinsa, ni da ko alkyabbar likita ban taɓa yafawa ba.

To a gidanmu maganar aure ba a hannun Baba take ba. In ka je masa da ita zai shafa gemu ya ce, "Ku je wajen Yaya." Yayar tasa ita ce Gwaggo Hadiyya, mai ɗinki, mai tabarau ɗaure da zare, wadda sashenta ke jikin namu. Gwaggo tana da doka ɗaya: ba a karɓar goron kowa sai an gwada jini a kan idonta. Ba ta yarda a kawo mata takarda daga waje, ta ce ta ga ta bogi ta gaji. Da kanta take hawa Keke ta raka saurayi ɗakin gwaji. Babu mai yi mata musu, domin kowa ya san Gwaggo ta binne ɗanta Abubakar Sadiƙ yana da shekara goma sha bakwai, kuma sikila ce ta ɗauke shi.

Yanzu ga inda laifina yake, ku zage ni na yarda. Makonni uku da suka wuce aka yi suna a dangi, Hajiya Ruka ta zauna tsakiyar mata tana ta baza labari: "Ai Turawa sun juye masa jini kaf, sun zuba sabo. Husainina yanzu AA ne, ya fi ku lafiya." Ba ƙarya ta yi niyya ba, iyakar abin da ta fahimta ke nan. Gwaggo ta dawo gida bakinta har kunne, tana cire mayafi tana cewa, "Ashe haka zamani ya zo, Raudatu? AA da AA, ai sai sa rana." Ni kuwa na san ba haka abin yake ba. Na buɗe baki, na ga farin cikin da ke fuskarta, na mayar da shi na rufe, na ce mata in kawo ruwa?

Ranar Talata da hantsi sai ga su. Gwaggo ta sha leshinta ruwan ƙasa da ɗaurin nan nata mai tsini gaba, jaka a hammata. Yaya Husaini a bayanta cikin farar shadda da hula ruwan toka, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Na ɗauko safar hannu zan saka, Gwaggo ta ɗaga min yatsa.

"A'a. Ke kina da ra'ayi a ciki. Ina yarinyar nan 'yar Rijau?"

Jessica take nufi, abokiyar aikina, wadda muka shekara huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya. Jessica ta fito tana dariya ta ce, "Mama, sannu da zuwa. Yau surukinmu za mu soka?"

"Bai zama ba tukuna. Soke shi dai."

Ta ɗebi jinin, Gwaggo ta bi 'yar kwalbar da ido har cikin ɗaki, ta jawo benci ta zauna a bakin ƙofa don kada wani ya musanya. Awa ɗaya da rabi muka yi a haka. Yaya Husaini yana waje yana turo min saƙo.

"Likita, ya yanayin fuskar alƙali?"

"Tana jan carbi."

"Na alheri ko na neman tsari?"

"Ka daina sa ni dariya, tana kallona."

"Kin dai yi mata bayanin abin da za ta gani, ko?"

Na kifa wayar a kan tebur na hau goge abin da ba shi da datti.

Da Jessica ta fito da takardar, Gwaggo ta gyara tabarau ta kai ta kusa da taga. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma akwai baƙaƙe biyu da ta sani fiye da malamin makaranta.

"Wannan S ne," ta ce. "Ko a duhu na san shi. Wannan ɗayan fa?"

"F ne, Mama," in ji Jessica.

"F kuma? Ina A ɗin da Ruka take faɗa?"

"Babu A, Mama. S yana nan, sai dai F ɗin ya yi yawa ƙwarai. Ni tunda nake ban taɓa ganin babban mutum da irin wannan ba."

Gwaggo ta ninke takardar gida huɗu ta jefa a jaka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta fita waje inda Yaya Husaini ya miƙe tsaye yana murmushi, ta dube shi da tausayi, ta sassauta murya ta ce, "Sannu, ɗan nan. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi." Ta tare Keke ta hau.

Ku da kuka san gaisuwar mara lafiya kun san abin da aka yi mana. Mutumin da ya shigo a matsayin mai neman aure, ya fita a matsayin majinyaci. Na ga murmushin ya gudu daga fuskarsa, na ji kamar in nutse don kunya da haushin kaina.

Sai Jessica ta biyo mu waje. Ta matso kusa da shi tana murza hannu, ita da ba ta jin nauyin kowa. 'Yarta Eunice shekararta shida, ita ma sikila gare ta, wata biyu ba sa wucewa ba su kwana asibiti ba.

"Yallaɓai, don Allah, abin nan da aka yi maka, yara ma ana yi musu?"

Ya zauna a benci ya ba ta amsa tsakani da Allah, bai yi mata zaƙin baki ba. Ya ce an fara da manya da matasa, ana kan binciken na ƙanana. Ya ce ba allura ɗaya ba ce a tashi a tafi, shi sai da ya yi makonni a ɗaki shi kaɗai ba mai shiga sai da takunkumi, gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo har ruwa ba ya haɗiyuwa. Ya ce kuɗinsa kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, shi ma ba aljihunsa ne ya biya ba, kuma har yanzu aikin bai iso asibitocinmu ba.

Jessica ta gyaɗa kai. "Amma akwai shi a duniya."

"Akwai shi."

"To ya ishe ni na yau," ta ce, ta goge ido da bayan hannu ta koma ciki tana ƙwala wa mai bi a layi kira.

Ranar Laraba Gwaggo ba ta ce min uffan a kan maganar ba, sai ma wani lallaɓa ni da take yi, har da aiko min dambun nama. In Gwaggo ta fara yi maka kyauta ba dalili, to ta gama yanke hukunci. Yaya Husaini kuma da azahar ya turo:

"Likita, Hajiya ta ce in gaya miki ta daina zuwa suna."

"Ka ce mata laifina ne, ba nata ba."

"Na ce mata laifin baƙaƙen Turawa ne da suka yi yawa."

Na yi dariya, hawaye kuma ya biyo baya. Ina son mutumin nan, jama'a. Ina son sa har ina jin haushin yadda yake iya wasa a lokacin da ni hankalina yake a tashe.

Ranar Alhamis da la'asar na ɗaura zanen atamfata kore, na yafa ɗan gyale, na shiga ɗakin ɗinkin Gwaggo. Tana kan keke tana taka wata rigar yarinya, allura biyu a bakinta. Na zauna a kan tabarma cikin ƙyallaye na ce, "Gwaggo, na zo in yi bayanin da ya kamata in yi tun ranar suna."

"Uhm," ta ce, ba ta daina takawa ba.

"Kowane jariri da irin jininsa yake zuwa duniya, shi ne F ɗin nan. Shi ba ya lanƙwashewa, ba ya toshe jijiya. Shi ya sa ɗan sikila ba ya fara ciwo sai ya yi watanni."

Ƙafarta ta tsaya. Ta cire alluran daga baki. "Sadiƙu sai da ya yi wata bakwai hannunsa ya fara kumbura."

"To, lokacin ne jiki yake rufe jinin jarirantaka ya buɗe na manya." Na jawo rigar da ke gabanta na nuna mata kalmasar ƙasa. "Kin ga yadda kike ninke yadi a nan ki ɗinke, don in yarinya ta yi tsawo a farke a sake? Haka F ɗin yake, yana nan a ninke a jikin kowa. Su likitocin sai suka ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa, suka kai ɗakin gwaji, suka sa wani abu mai aikin almakashi ya tsinke ɗinkin nan guda ɗaya, suka mayar masa da kayansa. Ba jinin kowa aka zuba masa ba, nasa ne. S ɗin yana nan, amma F ya yi masa yawa, ya hana shi sakat."

Ta juya kalmasar a hannunta tana kallo. "Ba canja halittar Ubangiji ba ne wannan?"

"Na tambayi Baba. Ya ce shi a fahimtarsa magani ne, tunda ciwo aka bi aka gyara a jikin mai shi. Kuma gyaran a jininsa ya tsaya, ba ya bin zuriya. 'Ya'ya S ɗinsa za su ɗauka, su ɗauki A ɗina. Ba wanda zai yi ciwon."

"Wannan lissafin na riga ki saninsa," ta ce. Ta ajiye rigar ta fuskance ni. "Ke kina zaton 'ya'ya nake ji? Ke nake ji, Raudatu. Shekara goma sha bakwai ina dafa ruwan zafi. Na san kowane benci na asibitin garin nan, na san wanda ƙafarsa ke rawa. In hadari ya haɗu mutane suna murna, ni gabana faɗuwa yake. Ba zan ɗauke ki da hannuna in zaunar da ke a bencin nan ba."

"Shekararsa biyu bai kwanta ba, Gwaggo."

"Wa ya gani? Takarda ta ce S, Ruka ta ce A, ke kin ce kalmasa." Ta mayar da ƙafa kan keke, ta taka sau biyu, ta sake tsayawa. "Ki ce ya zo jibi Asabar da hantsi. Da ƙafa, ban ce mota ba, ban ce babur ba. Ni ma ina da nawa gwajin."

Na fita da gudu har ina tuntuɓe da kwandon zare, na rubuta masa. Ya amso nan take: "Daga Sabon Gari? Ki ce mata ko daga Tungan Magajiya ne zan taho."

Asabar na tashi tun da sassafe na soya masa, na dama kunun gyaɗa, na share tsakar gida sau biyu. Na saka doguwar rigata ruwan hoda mai aiki a wuya, na cire, na saka shuɗiya, na sake komawa ruwan hodar. Ƙarfe tara da rabi ya turo, "Na fito." Ƙarfe goma saura kwata gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in kwashe shanya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Sai ga Gwaggo ta fito daga ɗaki ba ɗankwali, hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Na kashe ɗan mutane! Raudatu, kira shi, ki ce ya fake! Ki ce na janye, ya hau mota, ya hau ko mene ne!"

Na kira sau huɗu ba a ɗaga ba. Gwaggo kuwa ta koma wata iri, ta manta shekarunta. Kafin ka ce me ta ɗora tukunya, ta zazzage akwati ta fito da bargo da tawul biyu, ta laluɓo man zafi, ta cika gorar roba da ruwan ɗumi ta naɗe ta a zani. Hannunta bai manta komai ba. Tana yi tana faɗa da kanta: "Tsohuwar banza, wa ya aike ki? Da damina za ki ce yaro ya taho da ƙafa?"

Muna cikin haka muka ji sallama a zaure. Ya shigo sharkaf, shaddarsa ruwan sararin samaniya ta manne a jiki, hula a hannu tana ɗiga, takalmi ya cika da taɓo. Kuma dariya yake yi. Dariya, jama'a, har da haƙora.

"Gwaggo, ina kwana. Ki yi haƙuri na jiƙa miki zaure."

"Don me ba ka fake ba, ɗan nan? Kana hauka ne?"

"Wallahi na yi niyya. Sai na tuna tunda aka haife ni ba a taɓa bari ruwan sama ya dake ni ba. Na ce yau dai sai na ji abin da yara suke ji." Ya share fuska. "Ashe daɗi gare shi."

Gwaggo ba ta saurare shi ba. Ta tura shi ɗakin baƙi da jallabiyar Baba, ya fito ta zaunar da shi a kujerar falonta, ta lulluɓe shi da bargo har wuya, ta cusa masa gorar ruwan ɗumi a ciki. Sannan ta jawo 'yar kujera ta zauna dab da shi ta ce, "Dubi sama."

Ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ta ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ta koma ɗaya idon. Ta ce in ɗage labule haske ya shigo, ta sake dubawa. Ta buɗe tafin hannunsa, ta matsa farcensa ta saki tana kallon yadda jini ke dawowa. Ta danna ƙaurinsa, ta danna gwiwa, tana kallon fuskarsa ko zai yamutsa.

"Nan fa?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Bayanka? Ƙirjinka?"

"Yunwa dai nake ji."

"Ba yanzu yake zuwa ba," ta ce da ni, kamar ba ya wurin. "Sai jiki ya huce. Mu jira."

Muka jira. Ta kafa masa ido, shi kuma ya kafa wa masa hannu. Faranti na farko ya tafi, na biyu ya bi shi, ya shanye kunu kofi biyu yana ba ta labarin wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ghana da ta riƙa yi masa faɗa da ya ƙi cin abinci. Aka yi azahar ya yi salla ya dawo. Zufa ta fara keto masa a cikin bargo, ya ce, "Gwaggo, don girman Allah a cire min wannan, in ba haka ba zafi ne zai kwantar da ni."

Ta yaye bargon da kanta. Ta sake jan fatar idonsa, a karo na uku.

"Fari tas," ta ce a hankali. "Ban taɓa ganin idon Sadiƙu fari ba, ko sau ɗaya." Ta sa gefen zani ta share fuska, ta ja hanci, sannan ta daka masa duka a kafaɗa. "Kai kuma ka cinye mana masa. Ka gaya wa Ruka ta turo manya, amma ta bar baƙaƙen Turawa a gida."

Jama'a, na ji kamar in yi guɗa. Na tattara farantai cike da murna. Amma shi bai yi dariya ba. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, akwai abin da ido ba ya gani, takarda ma ba ta nunawa. Ina so in faɗa miki, in Rauda za ta ɗan ba mu wuri."

Na fita da tire. Ku kun san ban wuce bayan labule ba.

Ya yi gyaran murya ya fi sau uku. Ya ce kafin a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara, sai da aka ba shi wani magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, don ya share ɓargo ya ba sababbin wuri. Ya ce maganin nan yakan taɓa haihuwa. Wasu tana dawo musu, wasu ba ta dawowa, shi kuma har yanzu nasa gwajin bai nuna ta dawo ba. Ya ce likitocin sun gaya masa tun kafin a fara, suka ɗebi irinsa suka ajiye a wurin sanyi a can, in Allah ya nufa ana iya amfani da shi ta hanyar asibiti, amma ba wanda ya yi masa alkawari.

"Ban so a karɓi gorona a kan rabin magana," ya ce.

Sai muryar Gwaggo: "Ke mai laɓe, ƙafarki ta leƙo. Shigo."

Na shigo da tirena a hannu, na durƙusa.

"Kin ji?"

"Na ji, Gwaggo."

"Ban ga kin firgita ba."

"Na sani tun tuni." Na kasa ɗaga kai. "Ranar da ya fara zuwa zance na je na karance komai a kan aikin. Na ga maganar maganin."

Yaya Husaini ya ɗago ya dube ni baki buɗe. "Wata takwas, Likita! Wata takwas ina juya yadda zan gaya miki, har abinci ya daina min daɗi."

"Wanda ya cinye faranti biyu?" in ji Gwaggo.

"Ni ma wata takwas ina jira in ji ko za ka faɗa," na ce. "Da ka yi shiru har aka ɗaura, da na aure ka da tabo a zuciyata. Yanzu babu."

Gwaggo ta dube ni, ta dube shi, ta cire tabarau ta goge ta mayar. "To ni tambaya ɗaya gare ni. Wurin sanyin nan da aka ajiye min jikoki, firji ne?"

"Kusan haka, Gwaggo."

"Can ba a ɗauke wuta?"

Dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace min, ita kuwa ko gezau. "Ba a ɗaukewa, Gwaggo."

"To madalla." Ta gyara zama. "Haihuwa ta Allah ce, na ga masu lafiya garau da ba su samu ba. Yaron da ya zauna a ƙasa ya faɗi abin da zai iya hana shi mata, bayan an riga an ce an ba shi, ni ba ni da sauran gwajin da zan yi masa. Na ba ka, Husaini."

Na kifa fuskata a cinyarta ina kuka ina dariya, tana ture ni wai zan ɓata mata zani.

"Sai dai fa ku ji," ta ce. "Zan gaya wa Nababa yaro lafiyarsa ƙalau, na duba da hannuna. Amma maganar firjin nan ba za ta fita daga bakina zuwa kunnen ƙanena ba. Da wane ido zan kalle shi? Kuma ba za a ɓoye masa ba, shi da yake da 'ya ɗaya tal a duniya."

Ba ta rufe baki ba muka ji an jingine babur a zaure. Baba ya yi sallama ya ɗaga labule, lema a hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ya ga jallabiyarsa a jikin baƙo, ya ga idon yayarsa ya yi ja, ya ga ni a durƙushe.

"Yaya, yaya dai? An ci jarrabawa? In aika a sayo goro, mu fara shirin jikoki?"

Gwaggo ta ɗauki rigar da take ɗinki ta sa a gaba, ta zura zare a allura kamar ba da ita ake ba, sannan ta nuno ni da baki.

"Tambayi likitar gidanka."

Yaya Husaini ya yunƙura zai yi magana, na girgiza masa kai. Sau ɗaya na yi shiru a kan maganarsa, na ga abin da shirun ya jawo. Na ajiye tiren a ƙasa, na jawo wa Baba kujera.

"Baba, a sayo goron," na ce. "Amma ka zauna tukuna, ni zan yi maka bayani."